Kifi da Iyaka: Sulhun Ingila da Faransa na 1904

Ingila da Faransa maƙwabta ne, mashigin teku kaɗai ya raba su, amma sun daɗe suna zaman doya da manja. Ko da ya ke sun ƙulla yarjejeniyar ciniki cikin 1860, suka rage wa juna kuɗin fito, kishin mallakar ƙasashe bai kwanta ba. Cikin 1898 saura kaɗan su gwabza yaƙi a Fashoda, a bakin kogin Nilu.

Sa'ad da ƙarfin Jamus ya fara tsorata su, sai suka ga gara su shirya. Ran 8 ga Afrilu 1904, a London, Lord Lansdowne, ministan harkokin wajen Ingila, da Paul Cambon, jakadan Faransa, suka sa hannu a takardun sulhu. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, ita kuma Ingila ta kau da kai daga Maroko.

To, akwai wani sharaɗi wanda ya shafe mu. Tun 1713 masuntan Faransa su ke da izinin kamun kifi da shanya shi a gaɓar Niyufanlan, wani tsibiri da ke gabashin Kanada wanda a lokacin yana hannun Ingila, mutanen tsibirin kuwa suna ta kuka. Faransa ta yarda ta bar shanyar, amma sai an biya ta. Bukatarta kuwa tana ƙasar Hausa. Iyakar da aka shata cikin 1898 ta kewaye Sakkwato da nisan mil 100, har ya zama ayarin Faransawa mai zuwa Damagaram daga kogin Kwara tilas ya ratsa ta ƙasar da ba rijiyoyi. Saboda haka Ingila ta janyo iyakar kudu, aka tabbatar da ita cikin 1906. Birnin Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa.

Ba a shawarci Sarkin Musulmi ba, balle talakawansa. Ga Turawan da suka sa hannu, wannan ɗan cikon ciniki ne kurum, sulhun kuwa ya ɗore, har suka yi yaƙin 1914 a sahu ɗaya. Amma iyakar nan ita Nijeriya da Nijar suka gada cikin 1960. Bakatsinen Maraɗi ya koyi Faransanci a makaranta, ɗan'uwansa na birnin Katsina ya koyi Ingilishi, kuma cikin dalilan wannan har da kifin wani teku wanda kakanninsu ba su taɓa gani ba.