Yadda Girgizar Ƙasa Ta Tona Asirin Cikin Duniya

Ramin da ya fi kowane zurfi wanda ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a arewacin Rasha, wanda a 1989 ya kai wajen mil 7 da rabi. Daga doron ƙasa kuwa zuwa cibiyar duniya kusan mil 4,000 ne. Duk da haka masana sun san abin da ke can ciki, kuma girgizar ƙasa ce ta sanar da su.

Mafarin abin tsautsayi ne mai alheri. Wani Bajamushe, Ernst von Rebeur-Paschwitz, ya kafa ma'auni mai lilo a birnin Potsdam don ya auna yadda wata ke jan ƙasa. Ran 17 ga Afrilu 1889 sai alamar da ma'aunin ke zanawa ta rikice, alhali ba wanda ya ji ko motsi a garin. Daga baya ya karanta cewa ƙasa ta girgiza a Japan kimanin sa'a guda kafin nan. Ashe motsin ne ya yi tafiyar mil 5,000 da ɗoriya ya iske shi. Tun daga ran nan masana suka mai da duniya kamar tukunyar da mai saye ke ƙwanƙwasawa ya saurari amonta.

Wanda ya fara fahimtar amon shi ne Richard Oldham, Baturen Ingila, da ya binciki girgizar Asam ta ƙasar Indiya ta 1897. Ya rarrabe motsin iri uku. Na fari yana turawa yana ja, shi ne mafi sauri, yana ratsa dutse da ruwa. Na biyu yana kaɗa ƙasa gefe da gefe, ba ya iya ratsa abu mai ruwa. Na uku doron ƙasa yake bi, shi ke zuwa daga ƙarshe. A 1906 Oldham ya lura motsin da ya bi ta tsakiyar duniya yana makara, sai ya ce lalle akwai ƙwallo a ciki wanda ya saɓa da dutsen da ke kewaye da shi. Beno Gutenberg ya auna zurfinsa, mil 1,800, sa'an nan a 1926 Harold Jeffreys ya nuna narkakke ne.

To, da an tsaya nan da an yi kuskure. Ƙwallon nan yana karkatar da motsi na fari, har ya bar wani yanki na duniya cikin inuwa, watau inda bai kamata motsin ya isa ba. Amma wata mace ta ƙasar Danmak, Inge Lehmann, ta duba abin da ma'aunai suka zana na girgizar Niyu Zilan ta 1929, ta ga wani ɗan motsi mai rauni ya ɓulla cikin inuwar. Waɗansu sun taɓa ganinsa sun ba shi wata fassara sun wuce. Ita kuwa ba ta sake shi ba. Babu kwamfuta a zamanin, da hannu ta yi lissafinta, tana rubuta lokutan isowar motsi a kan katuna tana jerawa cikin kwalaye. A 1936 ta bayyana cewa cikin narkakken ƙwallon akwai wani ƙarami, shi ne motsin ke bugawa ya karkato. Sunan takardar tata harafi ɗaya ne tak, P, da 'yar alama a kafaɗarsa.

Gutenberg da waɗansu manya suka karɓi maganarta cikin 'yan shekaru. Sai a 1971 aka sami ƙaƙƙarfar shaida cewa ƙaramin ƙwallon daskararre ne. Lehmann tana raye ta ji labarin, don ba ta rasu ba sai 1993, tana da shekara 104.