Gidan Tarihi na Conner Prairie da Labarin Tafintansa

Akwai wani irin gidan tarihi wanda ba a kulle kayansa cikin akwatunan gilashi. Ana tayar da ƙauye ne sukutum, a zuba masa mutane masu tufafin dā, suna ƙira da saƙa da girki a gaban mai kallo. Asalin wannan dabara daga Suwidin take, inda Artur Hazelius ya buɗe Skansen cikin 1891. Amurkawa suka ɗauka, suka mai da ita hanyar tunawa da kakanninsu 'yan kama-wuri-zauna.

Conner Prairie, wanda ke bakin Kogin White a Jihar Indiyana, misali ne da ya isa a duba. William Conner ya zauna a wannan yanki tun farkon ƙarni na 19, yana fataucin fatu cikin ƙabilar Lenape. Ya iya harshensu, ya auri 'yarsu Mekinges, suka haifi 'ya'ya shida. Shi ne kuma ya yi tafinta a yarjejeniyar St. Mary's ta 1818, wadda ta raba Lenape da ƙasarsu. Cikin 1820 Mekinges ta kwashi 'ya'yanta ta bi danginta yamma. Conner ya tsaya, ya auri Baturiya Elizabeth Chapman a shekarar nan, ya gina gidan bulo cikin 1823.

Gidan nan shi ne attajiri Eli Lilly ya saya cikin 1934, ya gyara, ya miƙa wa Kwalejin Earlham cikin 1964. Cikin 1974 aka buɗe ƙauyen Prairietown, wanda aka tsayar da kwanansa a 1836.

To, a nan ne mai nazari zai yi hattara. Gine-ginen na gaske ne, an ɗebo su daga wurare dabam-dabam, amma ƙauyen kansa ƙagagge ne, haka ma mazaunansa. Ma'aikata kan amsa tambaya kamar ba su san abin da ya faru bayan 1836 ba. Lafazin da suke yi kuwa kintace ne, domin ba wanda ya ɗauki muryar mutanen wancan zamani. Shekarar da aka zaɓa ma ba a banza take ba: a 1836 Lenape sun shekara 16 da tashi, ƙauyen ba shi da bakin da zai ba da labarinsu. Sai daga baya aka gina sansanin Lenape daban, aka sa masa shekarar 1816, lokacin da Mekinges ke ɗakinta.