Zauren Taro ko Hannun Makaranci: Tallar Littafin Almara a Wurin Marubuci Mai Cin Gashin Kansa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da littafi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san tsarinsa. Akwai shugaban taro, da uban taro, da uwar taro, da babban baƙo na musamman, da mai sharhin littafi, sannan babban mai ƙaddamarwa wanda kowa ya zuba wa ido. Za a buɗe da addu'a, mai sharhi ya yi nasa a gurguje, sai a shiga abin da ya tara jama'a: wane ya sayi kwafi biyar a kan naira kaza, wane kuma ya yi alkawarin kaza a madadin maigidansa da bai samu zuwa ba. Wannan tsari ya dace da tarihin rayuwar basarake ko kundin jawaban tsohon gwamna, domin irin waɗannan littattafai darajarsu tana jingine da darajar mutumin da aka rubuta a kansa. Abin da wannan maƙala take son kafawa shi ne, tsarin bai dace da littafin almara ba, wato labarin sadaukai da aljanu da biranen da babu su a taswira. Marubuci mai cin gashin kansa da ya ɗora dukkan begensa a kan ranar ƙaddamarwa ya nemi kasuwa a inda masu karatunsa ba sa zuwa.

Almara ba baƙuwa ba ce a rubutun zube na Hausa, da ita ma aka buɗe fagen. A gasar da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito almara ce ta cika su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, neman ruwan magani ne ya kai jarumin har ƙasar aljanu. A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, an fara da yaƙin Turawa wanda tarihi ya sani, daga nan labarin ya tsallaka duniyar da tarihi bai san da ita ba. Bayansu ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan marubuta da ya sha wahalar talla. Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA, da kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966, su ke gyara, su buga, su rarraba. Makarantun gwamnati su ne kasuwa, manhaja ita ce 'yar talla. Da zarar an sa littafi cikin jerin na jarrabawa, ya samu masu karatu ko sun so ko sun ƙi.

Wannan inuwa ta gushe a shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. A daidai wannan lokaci kuma ga dubban matasa da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatun boko, suna neman abin karantawa da harshensu. Marubuta suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta, ya kai wa mai buga tafireta, ya nemi mai zanen bango, ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, ya ɗauki kayansa ya kai kasuwa. Wannan ne Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu da wasu a shafukan jaridu. Manazarta sun fi mayar da hankali a kan ɓangaren soyayya, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, kuma suna da hujja, domin nan ne rikicin aure da tarbiyya ya fi fitowa fili. Amma a gefen teburin mai sayar da littattafai akwai wani tari da nazari bai ba shi haƙƙinsa ba: waɗanda samari suke kira littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu ɗauke da sadaukai da bokaye da takubban sihiri.

Yadda waɗannan littattafai suka sami jama'a ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan darasin yake. Ba a fitar da labari a dunƙule. Ana yanka shi ƙananan littattafai, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da farashin da ɗan makaranta ko yaron shago zai iya biya. Ana tsayar da kowane kashi a daidai inda zuciyar makaranci take bugawa, an zare takobi ba a kai sara ba, sai a ce mu haɗu a littafi na gaba. Shafukan ƙarshe na ɗauke da sunayen littattafan da ke tafe, na marubucin da na abokansa, da adireshin da za a aiko masa wasiƙa. Dillalan littattafai na kasuwa suna karɓar kaya bashi, su biya bayan an sayar, su kuma tura wa ƙananan 'yan kasuwa a wasu garuruwa har ƙetaren iyaka zuwa Nijar. Masu shagon haya suna ba da littafi na kwana ɗaya ko biyu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwafi ɗaya yakan zaga aji guda ko unguwa guda har bangonsa ya yage. Idan aka lura, a wannan tsari ba a raba talla da littafi ba. Siffar littafin, da farashinsa, da inda aka yanke labarin, su ne tallar. Kuma duk wannan ya gudana ba tare da uban taro ba.

Me ya sa almara ta fi sauran nau'o'in labari bukatar irin wannan hanya? Dalili na farko yana cikin yanayinta. Mai karanta labarin kishiya ko auren dole ya riga ya san duniyar da zai shiga, gidan maƙwabcinsa ne. Mai karanta almara kuwa ana neman ya koyi sunayen birane da sarakuna da dokokin sihirin da marubuci ya ƙago, ya riƙe su a ka tsawon littattafai da yawa. Wannan jari ne na lokaci da hankali, kuma mutum ba ya zuba shi don wani attajiri ya yaba littafin a lasifika. Yana zuba shi ne don abokinsa da ya yarda da ɗanɗanonsa ya ce masa ya kwana bai runtsa ba saboda labarin. Dalili na biyu shi ne, almara kusan kullum jeri ce, ribar marubuci tana littafi na uku da na huɗu. Kuɗin ƙaddamarwa sau ɗaya ake samunsa, makarancin da ya kamu kuwa zai dawo a kowane kashi, ya kuma jawo wani. Na uku, yawancin masu karanta almara matasa ne, su ne kuma ba a aika wa katin gayyata, in ma sun zo ba za su iya sayen kwafi a farashin zauren taro ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya ƙarfafa wannan fahimta. A Amurka, Christopher Paolini yana matashi iyayensa suka buga masa Eragon da kansu a 2002. Bai tara manya a otal ba. Ya zaga makarantu da ɗakunan karatu sama da 130, sanye da tufafin mutanen da, yana magana da yara ido da ido, har littafin ya faɗa hannun wanda ya kai shi ga kamfanin Knopf, aka sake buga shi a 2003. A watan Maris na 2022 kuma Brandon Sanderson ya nemi masu karatunsa su biya kuɗin sababbin littattafai huɗu tun kafin a buga su, ta dandalin Kickstarter. Mutum sama da 185,000 suka amsa, aka tara fiye da dala miliyan 41. Kada a ruɗu da wannan adadi. Sanderson ya fara fitar da littafi tun 2005 a hannun babban kamfanin ɗab'i, ya shafe shekaru yana cika alkawarin da ya yi wa masu karatu, yana sanar da su inda aiki ya kwana. Ranar da ya miƙa hannu, amanar da ya tara ce ta biya shi. Marubucin da yake fitar da littafinsa na farko ba shi da wannan taska, amma hanyar tara ta ɗaya ce ko a Amurka ko a Fagge: kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutane masu yawa waɗanda suka karanta, maimakon kuɗi mai yawa daga mutum ɗaya da ba zai buɗe littafin ba.

Masu kare bikin ƙaddamarwa suna da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, kuɗin ɗab'i. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala, kuma tsohuwar kasuwar littattafai ta Kano ta yi rauni ƙwarai tun da waya ta shiga hannun kowa. Idan taron yini ɗaya zai mayar wa marubuci abin da ya kashe, wa zai ce masa kada ya yi? Ba ni da ja a kan haka, muddin an kira abin da sunansa: neman gudummawa ne. Inda ɓarnar take shi ne marubuci ya ɗauka ya gama aiki da an watse, ya bar sauran kwafin a kwali ƙarƙashin gado. Ga shi kuma sanannen abu ne cewa ba duk alkawarin da aka yi a lasifika ake cikawa ba, kuma kuɗin zaure da abinci da kati sukan cinye wani kaso na abin da aka samu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta neman mutunci da kariya. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Marubucin da labarinsa ke cike da bokaye da tsafi yana da dalilin son a ga malami ko basarake a gefensa. Na fahimci wannan tsoro. Amma kariyar da ke ɗorewa ba daga hoton taro take zuwa ba, daga sharhi take zuwa: a samu manazarci ya karanta littafin da gaske, ya nuna cewa aljanin da ke cikinsa jikan na tatsuniya ne da na Dare Dubu da Ɗaya, ya nuna abin da labarin yake faɗa game da mulki da zalunci da jarumta, ya kuma faɗi inda ya gaza. Wannan aiki ne na sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu, kuma har yanzu kasonsu a kan littattafan yaƙi bai kai yawan masu karanta su ba.

Yau kasuwar ta koma waya. Marubuta, mata musamman, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ba da farkonsa kyauta, wanda ya so ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi cikin rukunin masu biya. Wasu kuma ana karanta littattafansu da murya a rediyo da YouTube. Wanda ya san tsarin na ɗaya da na biyu zai gane cewa tsohuwar dabara ce ta sauya riga. Matsalolinta ma ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari. Dandalin da aka dogara da shi yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma yana aiki. Saboda haka marubuci mai hankali ba ya barin hulɗarsa da masu karatu a hannun dandali ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi satar fasaha yi wa almararmu illa, shi ne rashin gyara. Gaggawar sakin shafi kullum tana sa jarumin da aka kashe a kashi na biyu ya bayyana a na biyar babu bayani, takobin da aka ce ba ya karyewa ya karye don marubuci ya manta. Makarancin almara yana yafe abubuwa da yawa, amma ba ya yafe wa marubucin da ya karya dokar duniyar da shi da kansa ya gina. Ga kuma ƙa'idojin rubutu, inda ake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a bar ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ. A zamanin Zariya akwai edita tsakanin marubuci da maɗaba'a. Marubuci mai cin gashin kansa ya gaji aikin kamfani gaba ɗaya, har da wannan, kuma shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa. A ganina kuɗin da za a kashe a hayar zaure ya fi amfani a hannun mai gyara da mai zanen bango da ya karanta labarin kafin ya zana.

Don haka ga marubucin da ke shirin fitar da sabon littafin almara: a ba wa masu karatu goma na gaskiya rubutun tun kafin a buga, a saurari inda suka gaji. A saki babin farko kyauta, a sa farashin da ɗalibi zai iya biya, a faɗi ranar fitowar kashi na biyu kuma a cika. In za a yi taro, a yi shi a makarantar sakandare ko ɗakin karatu na gari, a karanta babi guda da murya, a bar yara su yi tambaya. Ƙungiyoyin marubuta, da reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA) na kowace jiha, su ware zama na musamman don irin waɗannan littattafai, malaman jami'a kuma su ba ɗalibansu su yi nazari a kansu kamar yadda ake yi wa Ganɗoki.