Kiwon kaji da agwagi a gida domin samun ƙwai

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan arewacin Nijeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar ba a tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba, kuma galibi mata da yara ne ke da su.

To sai dai akasarin waɗannan kaji ba domin ƙwai ake kiwonsu ba. Ajiya ce ta ranar buƙata: a yanka wa baƙo, ko a kai kasuwa idan rashin lafiya ta taso. Ƙwan da kazar ta saka, bar mata ake yi ta kwanta a kai.

Ƙwan da masu shayi ke soyawa da wanda ake sayarwa kiret-kiret a birane kuwa, kusan dukkansa daga gidajen gona yake fitowa. Ke nan mai son cin ƙwai daga akurkin gidansa sai ya sauya tsarin kiwon da ya gada.

Me ya sa kazar gida ba ta yawan ƙwai?

Kazar Hausa takan saka ƙwai 10 zuwa 15 a jere, sannan ta shiga kwanci na kwana 21. Idan ta ƙyanƙyashe, takan shafe kimanin wata biyu tana yawo da 'yan tsaki, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta saka ko ɗaya.

Sau uku ko huɗu take yin wannan zagaye a shekara, abin da ke nufin ƙwai 30 zuwa 60 ke nan. Kazar gidan gona, wadda aka raba da ɗabi'ar kwanci ta hanyar zaɓen iri, takan fara saka ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, kuma tana iya kaiwa ƙwai 280 ko fiye a shekararta ta farko.

Idan ana kwashe ƙwai kullum, ana kuma hana kazar gida zama a makwancinta, takan koma saka da wuri. Amma fa kowane ƙwai da aka ci, ɗan tsako ne aka rasa. Saboda haka masu dabara kan ware kaza ɗaya ko biyu domin kwanci, sauran kuma domin ƙwai.

Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, ko da yake mutane da dama na zaton haka. Amfaninsa shi ne idan ana son ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Akwai kuma nau'o'in da aka samar a cikin Nijeriya. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ta samar da kazar Shika Brown mai ƙwai, wadda ke jure yanayin ƙasar. Sai kuma irinsu Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda ke ba da nama da ƙwai, suna kuma iya ɗan kiwo a waje.

Abinci

A nan ne akasarin masu farawa ke tuntuɓe. Sukan kashe kuɗi su sayi kajin turawa, sannan su riƙa watsa musu dusa da ƙanzo kamar kajin Hausa, daga bisani su ce an cuce su a iri.

Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a rana. Watau buhu mai kilo 25 zai ɗauki kaji goma kamar mako uku ne kawai, kuma wannan lissafi ya kamata a yi tun kafin a sayi ɗan tsako na farko.

Masara ko dawa na ba da ƙarfi, amma ƙwai na buƙatar abinci mai gina jiki, irin ƙuliƙuli, da gasasshen waken soya, da garin kifi, da gara. Ɓawon kuma daga sinadarin kalsiyam ake gina shi, wanda kaza ke buƙatar kusan giram 4 a kullum. Idan ta rasa, sai ta janyo daga ƙashinta, ɓawon ya yi laushi, har ta fara fasa ƙwanta tana sha. Garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai na toshe wannan giɓi.

A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, kaji kan rage ci, ƙwai ya ƙanƙance. Inuwa da ruwan sanyi sun fi duk wani magani da za a saya.

Akurki kuma ya zama mai shan iska, mai rufuwa da dare saboda muzuru da tunku da macizai.

Batun agwagwa

Agwagwar da aka sani a ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, ita ce nau'in da ake kira Muscovy, kuma asalinta daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne. Tana da juriya, tana kiwon kanta, ba ta kuma buƙatar tafki, in dai akwai ruwan da za ta tsoma kanta a ciki.

Amma ba gwanar ƙwai ba ce. Ta fi shahara da nama da kuma kwanci, wanda ke ɗaukar ta kwana 35. Agwagin ƙwai na ainihi, kamar Khaki Campbell da aka samar a Ingila, suna iya yin kusan ƙwai 300 a shekara, sai dai ba su yawaita a kasuwannin yankin ba.

Ƙwan agwagwa ya fi na kaza girma da maiƙo. Duk da haka kasuwarsa ba ta da ƙarfi, domin mutane da yawa na ƙyamar tsuntsuwar saboda yawan wasa a kwata. Ƙwan zabi, wanda ke cika tashoshin mota da damina, ya fi shi farin jini nesa ba kusa ba.

Cututtuka

Babbar abokiyar gabar kajin gida ita ce cutar Newcastle, wadda aka fara ganowa a 1926. Takan ɓarke musamman da hunturu, kaza ta riƙa koren zawo, wuyanta ya murɗe, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya share akurki baki ɗaya.

Ba ta da magani, ƙwayoyin kafso da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ta. Rigakafi ne kaɗai mafita. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin nau'in rigakafin da ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sawa a idon kaza, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu.

Sai murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin ƙarshen watan an same shi a jikin agwagi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, kuma a farkon 2007 ya hallaka wata mata a Legas. Cutar ta sake ɓulla a Nijeriya a 2015 da kuma 2021.

A nan haɗa kaji da agwagi ke da haɗari, domin agwagwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar ta yaɗa ta ba tare da ta nuna alama ba. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a raba musu wurin kwana da mashaya, a kuma keɓe duk tsuntsun da aka sayo daga kasuwa na aƙalla mako biyu kafin ya shiga cikin sauran.

Idan kaji suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, ba a yanka ragowar a ci ko a ruga da su kasuwa, kamar yadda aka saba. Ana binne mushen da zurfi, a wanke hannu da sabulu, sannan a sanar da ofishin lafiyar dabbobi mafi kusa.