Unguwar Sinawa ta San Faransisko: Yadda Doka da Bala'i Suka Gina Ta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya taka lardin Guangdong na kudancin ƙasar Sin. Daga ƙauyukan wannan lardi ne, musamman gundumar Taishan da maƙwabtanta, mutanen da suka kafa Unguwar Sinawa mafi daɗewa a Arewacin Amurka suka fito. Unguwar tana tsakiyar birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya, kuma a yau masu yawon buɗe ido ne ke cika titunanta, suna cin abinci suna ɗaukar hoto. Sai dai rufin gine-ginen nan masu lanƙwasa da baƙo ke kallo, da yawan gidajen abinci, har ma da abin da ake zuba masa a faranti, kusan kowanne yana da tushe a wata doka ta wariya ko wani bala'i da mutanen unguwar suka yi dabarar tsallakewa.

A watan Janairun 1848 aka tsinci zinare a bakin wani kogi a Kalifoniya, labari ya bazu har ƙetaren tekun Fasifik. A lokacin kudancin Sin na cikin wani hali. Ingila ta ci ƙasar a yaƙin da aka yi kan cinikin ofiyom daga 1839 zuwa 1842, haraji ya yi wa talaka nauyi, gonaki sun yi kaɗan a yankin Taishan mai duwatsu, ga tawaye da faɗan ƙabilanci sun biyo baya. Samari suka riƙa cin bashin kuɗin jirgi, su tashi daga Hong Kong zuwa ƙasar da suka laƙaba wa suna Gam Saan, wato Dutsen Zinare. A shekarar 1852 kaɗai kimanin Sinawa 20,000 suka sauka a San Faransisko. Galibinsu ba da niyyar zama suka zo ba. Burin kowa ya tara abin da ya tara, ya biya bashi, ya koma gida ya sayi gona.

Garin da suka tarar na maza ne zalla, masu haƙar zinare daga ko'ina, ba mai dafa musu ba mai wanke musu. Tun 1849 wasu Sinawa suka buɗe gidan abinci mai suna Canton, kowane jinsi na shiga ya ci ya ƙoshi da araha. Shagunan farko suka taru a titin Sacramento da titin Dupont, kusa da dandalin Portsmouth, wanda shi ne tsakiyar gari a wancan zamani. Jiragen da ke kawo mutane su ne ke kawo shinkafa, busasshen kifi, romon waken suya, ganyen shayi da saiwoyin magani.

Sabon zuwa ba ya rasa masauki. Mutanen kowace gunduma suna da ƙungiyarsu, wakilinta ke tarar baƙo a bakin jirgi, ya kai shi inda zai kwana, a nema masa aiki, in rigima ta haɗa shi da wani a sasanta su ba tare da an je gaban alƙalin Turawa ba. Wanda ya san yadda zango ke karɓar baƙo a Kumasi ko Akara, da matsayin maigida da na sarkin zango, zai gane tsarin nan da nan. Akwai wani nauyi da ƙungiyoyin suka ɗauka wanda ke nuna inda zuciyar mutanen take: idan mutum ya rasu aka binne shi, bayan wasu shekaru sai a tono ƙasusuwansa, a tsabtace, a shirya a akwati, a aika Hong Kong, daga can a kai ƙauyensu domin zuriyarsa su riƙa ziyartar kabarinsa. Waɗannan ƙungiyoyi ne daga baya suka haɗu aka san su da Kamfanoni Shida, suka zama bakin unguwar a gaban hukuma.

Marhabin da aka yi musu bai daɗe ba. A 1852 jihar ta ɗora wa baƙin masu haƙar zinare harajin wata-wata, kuma Sinawa ne suka fi biyansa. A 1854 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa Basine ba zai ba da shaida a kan farar fata ba, ma'ana ana iya yi masa fashi ko kisa a gaban 'yan'uwansa, maganar ta tashi a banza. Da zinare ya ja baya, kamfanin Central Pacific ya fara ɗaukarsu aikin layin dogo a 1865, har suka zama mafi yawan leburorinsa. Su suka fasa duwatsun Sierra Nevada da nakiya cikin ƙanƙara. Kowace tawaga tana da kukunta, tana cin shinkafa da busasshen kifi da kayan lambu, kuma tafasasshen shayi take sha maimakon ruwan kududdufi, abin da ya kare su daga ciwon cikin da ke kwantar da sauran ma'aikata. An haɗe layin a yankin Utah ranar 10 ga Mayun 1869, aikin ya ƙare, dubban mutane suka dawo gari neman abin yi.

Shekarun 1870 na karayar arziki ne, sai aka ɗora wa Sinawa laifin rashin aiki. Wani ɗan siyasa, Denis Kearney, ya riƙa tara jama'a yana kiran a kore su, kuma a watan Yulin 1877 'yan tarzoma suka ƙona gidajen wankinsu a San Faransisko. Dokar Page ta 1875 ta riga ta toshe wa mata hanyar shigowa. A 1882 Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar da ta haramta wa leburorin Sin shiga Amurka, ta kuma hana Sinawan da ke ciki zama 'yan ƙasa. A 1885 aka kashe Sinawa 28 a Rock Springs ta yankin Wyoming, aka kori wasu ɗungurungum daga Tacoma da Eureka. Waɗanda aka fatattaka daga ƙananan garuruwa suka nufo San Faransisko, unguwar ta cika maƙil. A ƙidayar 1890 kusan maza 27 ne ga mace ɗaya a tsakanin Sinawan Amurka. Unguwar gwauraye ce, mutum na da mata da 'ya'ya a Taishan yana aika musu kuɗi, wani har ya mutu bai sake ganinsu ba. Wanda ke kwana a ɗaki guda da mutum biyar ba shi da murhu, don haka ɗakin shayi da gidan abinci suka zama zaurensa. A can yake karɓar wasiƙa, a can yake jin labarin gida.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda mutanen da aka hana ƙuri'a suka riƙe kotu da hannu biyu. Wani mai wanki, Yick Wo, ya kai ƙarar birnin har kotun ƙolin Amurka ya yi nasara a 1886, saboda ana hana Sinawa lasisin da ake bai wa Turawa. Wong Kim Ark kuwa kuku ne, haifaffen unguwar, wanda aka hana shi sauka daga jirgi da ya dawo daga ziyarar Sin. Hukuncin da aka yanke a shari'arsa a 1898 shi ne ya tabbatar da cewa wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma 'ya'yan baƙi daga kowace nahiya sun ci moriyarsa.

Ranar 18 ga Afrilun 1906 girgizar ƙasa ta afka wa San Faransisko, gobarar da ta biyo baya ta cinye Unguwar Sinawa ƙurmus. Manyan gari da suka daɗe suna kwaɗayin filin suka ga dama ta samu, suka shirya mayar da Sinawa Hunters Point, can bayan gari. Gwamnatin Sin ta nuna rashin yarda, attajiran unguwar suka yi barazanar kwashe cinikinsu zuwa wasu tashoshin ruwa, masu filayen kuma ba sa son rasa kuɗin haya. Aka fasa. Wani attajiri haifaffen Kalifoniya, Look Tin Eli, ya ga cewa tsira tana ga mayar da unguwar abin da garin ba zai so rasawa ba. Shi da abokansa suka ɗauki Turawa masu zanen gini, aka tayar da gine-ginen Sing Chong da Sing Fat a mahaɗar titin California da titin Dupont, wanda aka sauya wa suna zuwa Grant. Aka ɗora musu hasumiyoyi masu hawa-hawa da rufi mai lanƙwasa, aka shafa ja da kore da ruwan zinare. A ƙasar Sin irin wannan hasumiya ta wurin ibada ce, ba a ɗora ta kan kanti. An yi ta ne domin idon baƙo, kuma ta yi aikinta.

Gobarar ta kuma cinye takardun haihuwa na birnin. Mutane da yawa suka ce a nan aka haife su, ba mai iya ƙaryatawa, kuma ɗan ƙasa yana da ikon kawo 'ya'yansa. Sai aka shiga sayar da gurbin ɗa, saurayi ya haddace tarihin gidan da ba nasu ba ya shigo da sunan wani. Hukuma ta buɗe tashar tantancewa a tsibirin Angel daga 1910 zuwa 1940, inda ake tsare mutum makonni ko watanni ana tambayarsa tagogi nawa ne a gidansu, ina ake ajiye tukunyar shinkafa, gida nawa ne a layinsu. Waƙoƙin da tsararrun suka sassaƙa a bangon katako suna nan har yau.

Dokar 1882 ta bar wa 'yan kasuwa ƙofa, kuma a 1915 kotu ta sanya masu manyan gidajen abinci cikin 'yan kasuwa. Nan take mutane suka riƙa haɗa jari suna buɗe gidajen abinci, domin wanda ke da wannan matsayi yana iya zuwa gida ya dawo, ya kuma kawo iyali. Abin da ake sayar wa Amurkawa shi ne chop suey, yankakken nama da tsiron wake da albasa da seleri a soye cikin romo mai kauri. Sunan daga yaren Kanton na lardin Guangdong yake, ma'anarsa tarkacen abubuwa, kuma ya yi tashe bayan ziyarar babban jami'in Sin Li Hongzhang zuwa Amurka a 1896. An rage wa abincin ɗaci da ƙamshin da baƙo ba zai jure ba, an ƙara zaƙi. Shi kuwa biskit ɗin nan da ake naɗe 'yar takardar fatan alheri a ciki, asalinsa na Japanawa ne, su ke yinsa a Kalifoniya. Da aka kwashe Japanawa zuwa sansanonin tsarewa a 1942, sana'ar ta koma hannun Sinawa. A lungun Ross akwai wani ɗan ƙaramin gidan gashi da aka buɗe a 1962, inda ma'aikaciya ke zare fallen biskit da zafinsa daga kasko, ta sa takarda, ta lanƙwasa shi a kan ƙarfe kafin ya sandare.

Abincin da 'yan unguwa ke ci da kansu yana layi ɗaya sama da Grant, a titin Stockton. Da sassafe tsofaffi ke cika shi da jakunkuna, suna zaɓen ganyen bok choy, ɗanyar citta, kifi mai rai a cikin tanki, busasshen jatan lande. Gasassun agwagi na rataye a bayan gilashi, mai sayarwa ya sauke ɗaya ya daddatsa da faffaɗar wuƙa a kan kututture. Karin kumallo kunun shinkafa ne da ake kira juk. Hantsi kuma na shan shayi ne da dim sum, 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen fulawa masu nama ko jatan lande a ciki, ana turara su a kwandunan gora. Ɗakin shayin Hang Ah yana wannan sana'a tun 1920. Musulmin da ya je sai ya yi tambaya sosai, domin naman alade da kitsensa suna cikin yawancin girkin Kanton, har a inda ido ba ya gani.

An soke dokar hana shigowa a 1943 saboda Sin ta zama ƙawar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, amma Sinawa 105 kacal aka yarje wa a shekara. Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a Sin a 1949, sojojin Sin kuma suka gwabza da na Amurka a Koriya, aka koma yi wa unguwar kallon zargi. Amsar da shugabanninta suka bayar ita ce fito da bikin sabuwar shekara titi a 1953, da ganguna da makaɗan makarantu da dogon dodon nan mai siffar maciji wanda gomman samari ke ɗauke da shi, domin gari ya gan su a matsayin maƙwabta. A cikin gida bikin na nan yadda aka gada: a share ɗaki, a biya bashi, a dafa kifi sukutum da kai da wutsiya, manya su ba yara kuɗi a jar ambulan. Da bazara iyalai na zuwa maƙabartu su share kaburburan kakanni, da kaka kuma a raba wainar wata mai cikin 'ya'yan bado da gwaiduwar ƙwan agwagwa. Ƙofar nan mai koren rufi da ke bakin titin Grant, wadda kowa ke ɗauka tsohuwa ce, a 1970 aka buɗe ta.

Dokar shige da fice ta 1965 ce ta kawo iyalai da yawa, musamman daga Hong Kong, tare da ƙwararrun masu girki. Kafin nan Cecilia Chiang ta buɗe gidan abincinta, Mandarin, a 1961 a wajen unguwar, ta ƙi sayar da chop suey, ta gabatar wa Amurkawa girkin arewacin Sin da na Sichuan mai barkono. Waɗanda suka samu hali suka koma unguwannin Richmond da Sunset. Waɗanda suka rage galibi tsofaffi ne da sababbin zuwa, da yawansu a ɗaki guda, suna tarayya a kicin da banɗaki da maƙwabta, kuma rashin wurin ajiya na cikin abin da ke fito da su cefane kullum. Girgizar ƙasar 1989 ta lalata babbar hanyar Embarcadero da ke kawo masu ciniki, aka rushe ta, kasuwa ta ja baya. Wata 'yar gwagwarmayar unguwar, Rose Pak, ta shafe shekaru tana matsa wa hukumar birni lamba a kawo jirgin ƙarƙashin ƙasa a madadin hanyar. Ta rasu a 2016, kafin a gama aikin. Tashar da ke titin Stockton tana ɗauke da sunanta, kuma jirage sun fara cikakken aiki a cikinta a watan Janairun 2023.