Sunan Wa Aka Ɗora wa Ƙagen? Daga Kiyoto Zuwa Lugu

A 1997 marubucin Amurka Arthur Golden ya wallafa Memoirs of a Geisha, ƙagaggen labari kan geisha, matan Japan da ake horarwa tun ƙuruciya a kan rawa, kiɗa da iya karɓar baƙi. Mineko Iwasaki, tsohuwar geisha ta unguwar Giyon a Kiyoto wadda ya yi hira da ita, ta maka shi kotu a 2001. Ta ce ya bayyana sunanta bayan alkawarin sirri, kuma ta musanta cewa a zamaninta ana gwanjon budurcin 'yan mata kamar yadda littafin ya nuna. An sasanta a 2003.

Masu kare Golden kan ce ai ƙage ne, ba tarihi ba. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba, kuma hujjata tana nan a maƙwabta.

A 1980 Abdoulaye Mamani na Nijar ya fitar da Sarraounia da Faransanci, kan Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, garin da ya gwabza da rundunar Turawan Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Ya zana ta jaruma mai jan mayaƙa zuwa fagen daga, Med Hondo kuma ya mayar da labarin fim a 1986. Alhali a Lugu sarautar Sarauniya ta addinin gargajiyar Azna ce, mai riƙe da ita a killace take, ƙarfinta na tsafi ne da tsaron ƙasa. Niyyar Mamani abin girmamawa ce, domin gwarzuwa yake nema wa ƙasar da Turawa suka rubuta wa tarihi. Duk da haka, ɗalibi a yau ya fi sanin Sarauniyar littafi a kan ta Lugu. Golden ya ƙasƙantar, Mamani ya ɗaukaka, amma kowannensu ya ɗinka wa matan da al'adarsu ke raye rigar da mai karatu ke son gani.

Abin da ya dame ni shi ne Zamfara. Bajamushe Kurt Krieger ya tattara tarihin masarautar a Anka ya buga a 1959, da Jamusanci, harshen da jikokin masu ba shi labarin ba sa karantawa. Sarauniya 'Yargoje, wadda labarin baka ke dangantawa da Kuyambana, har yanzu a bakin tsofaffi ta fi rayuwa. Ƙagaggen littafin farko da zai yi fice a kanta, shi yaran makarantun Gummi da Bukkuyum za su haddace a matsayin tarihi.