Tarihin Korewa Biyu a Jimlar Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya rubuta "I didn't see nobody" a takardar jarrabawa ya san abin da zai biyo baya, wato jan biro. Idan ya nemi dalili, amsar da aka saba ba shi ita ce korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna, saboda haka abin da ya faɗa shi ne ya ga wani. Haka ake koyar da wannan doka, tamkar lissafi. To amma Bahaushen da ya tashi yana cewa "ban gan shi ba" da "ba" guda biyu, ko wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da "je ne sais pas", yana da hujjar yin tababa. Wannan takarda ta bi diddigin yadda Ingilishi ya riƙa kore jimla tun daga farkonsa, domin a ga lokacin da dokar ta samu da kuma mutanen da suka raine ta.

2.0 Tsohon Ingilishi

Ana kiran harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen shekarar 450 zuwa wajen 1100 da sunan Tsohon Ingilishi. A wancan zamani harafin korewa ɗaya ne tilo, wato "ne", kuma kafin aikatau yake zuwa:

(1) ic ne cume: ba na zuwa

Wannan harafi yakan manne da kalmar da ke gabansa. Daga nan aka sami "nis", wato ba shi ne ba, da "nan", wato ko ɗaya, wadda ta zama "none" a yau. Ita ma "never" haka ta samu. Abin lura shi ne, idan irin waɗannan kalmomi suka shigo jimla, "ne" yakan zauna a wurinsa:

(2) ne com nan man: babu mutumin da ya zo

Alamun korewa biyu ne a misali na (2), amma ma'anar korewa ɗaya ce. Mai magana yana shafa korewar ne a kan duk kalmar da za ta iya ɗaukarta, kamar yadda jinsin mace yake bayyana sau uku a "farar riga ce". Har yau haka Sifaniyanci da Rashanci suke yi, kuma shi ne daidai a nahawunsu.

3.0 Yadda aka sami "not"

Harafin "ne" gajere ne, ba a kuma ƙarfafa shi wajen furuci, don haka yana iya ɓacewa a kunnen mai sauraro. Sai masu harshen suka shiga ƙara masa wata kalma bayan aikatau, wato "nawiht", wadda ma'anarta ita ce ko wani abu. Hausa ma tana da irin wannan ƙarfafawa: "ban ba shi ko anini ba", "bai motsa ko taki ɗaya ba". Yau da gobe "nawiht" ta goge ta koma "noght", daga bisani "not", ma'anarta ta asali kuma ta dushe. A Ingilishin Tsakiya, wato daga wajen 1100 zuwa wajen 1500, jimla korarriya ta zama mai ƙafa biyu:

(3) I ne come not: ba na zuwa

Wannan tsari ya yi kama da "ba ... ba" na Hausa, ya kuma yi daidai da "ne ... pas" na Faransanci, inda "pas" asalinta taki take nufi. A wannan zamani tara kalmomin korewa ba abin kunya ba ne. Geoffrey Chaucer, babban mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya jera guda huɗu a jimla ɗaya inda yake yabon wani barde da cewa bai taɓa yi wa kowa baƙar magana ba.

A cikin ƙarni na 15 "ne" ya faɗi, aka bar "not" ita kaɗai: "I come not". Daga ƙarni na 16 kuma aikatau mataimaki "do" ya fara shiga jimlolin korewa, har zuwa wajen 1700 "I do not come" ta rinjayi tsohon tsarin, kamar yadda ƙididdigar Alvar Ellegård ta 1953 ta nuna. Da aka taƙaita "do not" ta koma "don't", sai ga alamar korewa ta sake zama ƴar ƙarama kafin babban aikatau, kusan inda aka faro. Masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, shi ya bayyana wannan zagaye a littafinsa na 1917 kan korewa, kuma a 1979 Östen Dahl ya raɗa masa suna zagayen Jespersen. Faransanci na baka yana kan wannan hanya a yau, domin "je sais pas" ake yawan ji a bakin mutane.

4.0 Su wa suka fara barin korewa biyu?

Faɗuwar "ne" ba ta hana mutane haɗa "not" da "never" ko "nothing" ba. Ana samun haka jefi-jefi har a wasannin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616. Sai dai wani sabon salo ya riga ya kunno kai, inda ake sa korewa sau ɗaya, sauran gurabun kuma a cike su da "any", "anything" da "ever":

(4) I did not see anybody: ban ga kowa ba

An daɗe ana ɗauka cewa marubuta nahawu ne suka ƙirƙiro wannan salo. Binciken da Terttu Nevalainen da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Helsinki ya gyara wannan fahimta. Sun tattara dubban wasiƙun da mutanen Ingila suka rubuta wa juna daga ƙarni na 15 zuwa na 17, suka duba matsayin kowane marubuci. Sun gano cewa korewa biyu ta fara ja da baya tun a ƙarni na 16, kuma maza ne masu ilimi da masu aikin alƙalami suka ja gaba, musamman waɗanda suka taso daga ƙasa suna neman shiga sahun manya. Salon yana da alaƙa da harshen takardun shari'a da na mulki, inda ake gudun duk wata kafa ta fassara biyu. Mata da talakawa sun fi daɗewa a kan tsohon tsarin. Ke nan tun kafin a rubuta doka, yadda mutum yake kore jimla ya fara nuna ɗan gidan wane ne.

5.0 Zuwan littattafan nahawu

A ƙarni na 18 aka mayar da wannan ɗabi'a ta masu ilimi doka. James Greenwood ya ambace ta a nahawunsa na 1711. Wanda sunansa ya fi fita a kanta shi ne Robert Lowth, malamin coci da ya zama Bishop na Landan a 1777. Ƙaramin littafinsa na nahawu ya fara fitowa a 1762, an kuma yi ta sake buga shi. Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna kusa da birnin York, ya ɗauki dokar ya sa a nasa littafin na 1795, wanda makarantu suka yi ta amfani da shi a Ingila da Amurka shekara da shekaru.

Hujjar da suka kafa ta dace da Latin, harshen da malaman wancan zamani suka fi girmamawa. A Latin "nemo" na nufin babu kowa, "non nemo" kuma na nufin akwai wani. Wannan gaskiya ce game da Latin, amma miliyoyin Turawan Ingila sun ci gaba da cewa "I don't want nothing" ba tare da wani ya fahimci cewa suna son wani abu ba. Lokacin da Ingilishi ya shigo makarantun Afirka ta Yamma ta hannun ƴan mishan da ƴan mulkin mallaka a ƙarni na 19 da na 20, da wannan doka ya zo a ƙunshe, ba tare da tarihinta ba.

Korewa biyu ba ta mutu ba. Tana nan a karuruwan Ingilishi da dama a Birtaniya, Amurka da Karibiyan. A 1972 William Labov ya wallafa nazari a kanta, inda ya nuna cewa a maganar baƙaƙen fatar Amurka tana bin ƙa'idoji tsayayyu kamar kowane sashe na nahawu. Duk da haka, mai yin ta a gaban masu ɗaukar aiki yakan sha kallon jahili.

6.0 Abin da ɗalibin Hausa zai lura da shi

Abubuwa uku ne ake kira korewa biyu, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne harafi ɗaya mai ɓari biyu, kamar "bai zo ba" da misali na (3). Shaidar cewa korewa ɗaya ce ita ce, a lokaci mai ci Hausa kan wadatu da ɓari ɗaya: "ba ya zuwa". Na biyu shi ne shafa korewa a kan kalmomi da yawa, kamar misali na (2). A nan Hausa ta fi kusa da daidaitaccen Ingilishi, domin "kowa" da "komai" ba kalmomin korewa ba ne, aikin "anybody" da "anything" suke yi a "ban ga kowa ba". Na uku shi ne inda korewa take kore korewa da gangan, kamar "I cannot not go", ko a Hausa "ba wai ban sani ba ne". A nan kaɗai ne lissafin Lowth yake aiki.

7.0 Kammalawa

Wajibi ne ɗalibi ya iya tsarin misali na (4), domin shi ne na rubutu, na ofis da na jarrabawa. Amma ya dace malami ya gaya masa gaskiyar dalili: wannan shi ne salon da masu ilimin Ingila suka zaɓa tun daga ƙarni na 16, littattafai suka tabbatar da shi a ƙarni na 18. Darasin ya shafi masu koyar da Hausa su ma. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano saboda dalilai na tarihi, kuma ɗalibin da ya zo aji da Sakkwatanci, Damagaranci ko Hausar zangon Kumasi yana da nahawu cikakke a bakinsa. Aikin malami shi ne ya ƙara masa karin rubutu, ya kuma bayyana masa inda biyun suka bambanta.